Rangadin Malamai Zuwa Tsoffin Wuraren Yahudawan Masar: Me Ya Kai Kuɗinsa, Me Bai Kai Ba

Wani kamfanin tafiye-tafiye a nan Jidda, irin waɗanda suka saba yanka wa mutane tikitin hutu da kama wa 'yan Umara masauki, ya fito da wata hidima ta malaman makaranta zalla. Kwana shida ne a Masar: huɗu a Alƙahira, ɗaya a Iskandariyya, ɗaya na hanya, ana zagaya abin da ya saura na tarihin Yahudawan ƙasar. Tallar ta karaɗe rukunonin WhatsApp na malamanmu na Jidda da Makka da Madina, tambaya ɗaya kuma ake ta nanatawa: abin ya kai a fasa asusu? Mu dai da muke koyar da tarihi da Larabci, amsarmu ita ce ya kai, amma da sharaɗi. Gine-gine kamfanin yake tallatawa, alhali dukiyar da malami zai shiga aji da ita takardu ce. Wanda ya tafi bai san haka ba, hotuna kawai zai dawo da su.

Dalilin da ya sa muka ga tafiyar ta dace da malami a fili yake. Ɗalibanmu wuri biyu kaɗai suke jin sunan Yahudawa: a darasin sira, inda ake karanta Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza da Khaibar, sai kuma a labaran Falasɗinu masu sosa zuciya. Tsakanin waɗannan biyun akwai sama da shekara dubu da ba a ce musu komai a kai. Ɗalibi ya san Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda hatsin da ya karɓa wa iyalinsa, ya kuma san Samau'al na Taima da Larabawa ke buga misali da shi wajen cika alkawari, amma bai san yadda zaman maƙwabtaka da ciniki da shari'a suka kasance a biranen Musulmi bayan nan ba. Masar ce ta fi kowace ƙasa ajiye shaidar wannan zaman a rubuce, ga shi kuma jirgi awa biyu da 'yan mintuna yake yi daga Jidda.

Maganar takardun fita, a nan kamfanin ya yi sakaci na farko. Tallar ta ce "mun ɗauke muku komai", amma bizar fita da dawowa, wato huruj wa auda, ba aikinsu ba ce. Kafili ko makarantar da kake wa aiki ce za ta fitar da ita ta manhajar gwamnati, Absher ko Muqeem, riyal 200 ta tafiya ɗaya har wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Iƙama kuma, wato takardar izinin zama, sai kwanakinta sun zarce ranar dawowa. Fasfo ya zama yana da sauran wata shida. Batun bizar Masar ya fi rikita mutane, domin wani zai ce maka mai iƙama a filin jirgi ake buga masa. Wannan ya danganta da ƙasar da ta ba ka fasfo da sana'ar da aka rubuta a iƙamarka, kuma ayarin Hausawa yakan haɗa mai fasfon Najeriya da na Nijar da na Chadi da na Sudan da ɗan ƙasa, kowa da hukuncinsa. A nema daga ƙaramin ofishin jakadancin Masar da ke Jidda tun saura wata ɗaya da rabi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rana ta biyu ita ce zuciyar rangadin. Ana zuwa Misrul Ƙadima, tsohon Fusɗaɗ, wurin da Masarawa ke kira Mujamma'ul Adyan. Kamfanin bas yake kawowa, amma jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na ɗaya ya fi sauri da safe, a sauka tashar Mar Girgis, ƙofar tana nan gaba. A ɗan filin nan akwai Cocin Mu'allaƙa da Cocin Abu Sirga da gidan tarihin Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, masallacin Amru ɗan As kuma tafiyar 'yan mintuna ne a ƙafa. A ƙarshen wani siririn lungu da ake sauka da matakala majami'ar Yahudawa ta Ben Ezra take. An sake buɗe ta a ƙarshen Agusta 2023 bayan gyara, kuma gyaran ya yi kyau: rufin katako, da mumbarin marmara a tsakiya, da ma'ajiyar Attaura a bangon gaba, da benen mata da ya kewaye zauren daga sama. Malamin da ya saba da zanen masallatan Mamluk zai ga dangantaka nan take a sassaƙar katakon.

Ɗan jagoran kamfanin minti ashirin ya ware wa wurin, ya cika su da labarai biyu: wai a nan aka tsinci akwatin Annabi Musa (AS) yana jariri, wai kuma coci ce da aka sayar a 882 don biyan harajin Ahmad ɗan Ɗulun. Duka biyun labarai ne da ba su tabbata ba, ya kamata a faɗe su a matsayin haka. Abin da ya tabbata shi ne a zamanin Faɗimiyyawa sunan wurin Kanisatush Shamiyyin, ta masu bin malaman Sham, domin akwai wata daban ta masu bin malaman Iraƙi. An rushe ta wajen 1012 a mulkin Alhakim, aka sake gina ta wajen 1040, ginin da ake gani yau kuma na shekarun 1890 ne da aka ɗora a kan tsohon tsarin. Malami ya rubuta waɗannan shekarun uku kafin ya shiga, don kada ya koya wa yara cewa bangon da ya gani ya shekara dubu.

Abin da ya kawo mu yana sama, a ƙarshen benen mata. Wata 'yar taga ce can ƙololuwar bango, bayanta wani ɗaki marar ƙofa. Ita ce Geniza, kalmar da ke nufin ɓoyewa ko adanawa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Mun san tsohuwar da za ta tsinci takarda a hanya ta kakkaɓe ta soke a katanga don kada a taka sunan Allah, mun san yadda ake wanke allo a zuba ruwan inda ba a takawa, mun san ganyen Alƙur'ani da ya tsufa ba a jefa shi a shara. Haka Yahudawan Fusɗaɗ suke yi da duk abin da aka rubuta da haruffan Ibrananci. Bambancin shi ne, maimakon su binne, sai suka yi ta jefawa ta wannan tagar ƙarni bayan ƙarni, busasshiyar iskar Masar kuma ta hana su ruɓewa. Ba littattafan ibada kaɗai suka shiga ba. Akwai takardun aure da na saki, da wasiƙun fatake, da lissafin bashi, da rubutun magani, da koke zuwa ga halifa, da ganyen da yaro ya yi ta maimaita baƙaƙe yana koyon rubutu. Guntayen sun kai kimanin 400,000, mafi yawan na harkar yau da kullum daga ƙarni na 11 zuwa na 13.

Ga inda tallar ta yi shiru: ɗakin ba komai a ciki. A 1896 wasu tagwayen mata 'yan Sikotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka sayi 'yan ganye a Alƙahira suka nuna wa Solomon Schechter, wani masanin rubuce-rubucen Yahudawa a Kambirij. Ya gane ɗaya daga littafin Ben Sira ne, wani tsohon littafin hikima na Yahudawa, cikin asalin Ibrananci, wanda aka ɗauka ya ɓace. Kafin shekarar ta ƙare ya iso Masar, ya samu izinin shugabannin al'ummar, ya kwashe abin da yau ya kai guntaye 193,000 a ɗakin karatun jami'ar Kambirij. Sauran sun watsu a Oksfod da Manchesta da Amurka da Rasha. Saboda haka duk wanda ya biya kuɗi don ya ga Geniza da idonsa, taga zai gani, ita ma sau da yawa daga ƙasa, domin ba kullum ake barin hawa benen ba. Wannan ba aibin tafiyar ba ne muddin an zo da shiri. Hotunan takardun suna intanet kyauta a shafin Cambridge Digital Library, rubutunsu da bayaninsu kuma a Princeton Geniza Project. A buga guda takwas zuwa goma a takardar A3 mai kala tun daga Jidda, a sa musu roba, kowane malami biyu su riƙe saiti ɗaya. A tsaya a tsakar majami'ar a karanta su a ƙarƙashin tagar da suka fito. Wurin yana buƙatar awa ɗaya da rabi, ba minti ashirin ba, kuma ana rufe harabar wajen ƙarfe huɗu na yamma, don haka da shi za a fara da safe. A tambayi mai gadi kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto.

Mafi kyawun abin da ke cikin shirin kamfanin shi ne zaman awa biyu da aka sa da daddare a otal, na koyon karanta takardun. Sun kira shi ƙari, mu kuwa muna ganin shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Yawancin wasiƙun nan Larabci ne tsantsa, an dai rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Wato ajami ne. Yadda kakanninmu suka ari baƙaƙen Larabci suka rubuta Hausa, haka su suka rubuta Larabcin kasuwa da baƙaƙen littafin addininsu. Har matsalar iri ɗaya ce. Ibrananci baƙi 22 gare shi, Larabci 28, sai aka rasa shida: sa mai ɗigo uku, kha, zal, dad, za mai hannu, da gain. Suka warware yadda muka warware "tsa" da "ɓa", da ƙara ɗigo a kan baƙin da ya fi kusa. Kuma kamar yadda marubucin ajami mai sauri yake barin ɗigon ya dogara da basirar mai karatu, haka fataken Fusɗaɗ suke yi, shi ya sa dal da zal, ko kaf da kha, suke fitowa kamannu ɗaya.

Malamin da ya yi makarantar allo yana da gajeriyar hanya: jerin baƙaƙen Ibrananci shi ne jerin abajada. Alef, bet, gimel, dalet, su ne alif, ba, jim, dal. Amma a kula da wani tarko da mai koyarwar bai sani ba, don bai taɓa koyar da 'yan Afirka ta Yamma ba. Abajadar da malaman hisabinmu suka gada ta Magrib ce, wadda bayan "kalaman" take cewa "sa'afad ƙurisat". Wadda ta yi daidai da Ibrananci ita ce ta Gabas, mai "sa'afas ƙarashat". Wanda ya bi ta gida zai ɗora sad a wurin sin, daga nan lissafin ya karkace, ya yi ta karanta kalmomi ba ma'ana. A rubuta jerin Gabas a allo tun farko, a ƙara da baƙaƙe biyar masu sauya siffa a ƙarshen kalma, wato kaf, mem, nun, fe da tsadi. A fara da rubutu mai kusurwa irin na littafi, a bar rubutun hannun 'yan kasuwa sai an saba, domin shi a guje ake yin sa, baƙaƙen na hawa juna. A cikin awa biyun nan, malamin da ya iya Larabci yakan kai ga karanta buɗin wasiƙa, inda zai tarar da "aɗalallahu baƙa'aka", wato dai "ranka ya daɗe" ɗinmu.

In takarda ɗaya za a zaɓa wa ɗaliban Jidda, to a zaɓi wasiƙar Dawuda, ƙanen Musa ɗan Maimun. Musa ɗan Maimun, wanda Turawa ke kira Maimonides, an haife shi a Ƙurɗuba, ya zauna a Fas, ya tare a Fusɗaɗ a shekarun 1160, ya zama likitan Alƙali Alfadil, wazirin Salahuddin, ya rasu a 1204. Littafinsa Dalalatul Ha'irin da wannan ajamin ya rubuta shi, kuma akwai ganyen daftarinsa da hannunsa a Geniza. Ƙanen nasa ɗan kasuwa ne, shi ke ɗaukar nauyin gida don yayan ya samu sukunin karatu. Wajen 1170 ya rubuto daga Aizab, tashar ruwan da ke gaɓar Bahar Maliya ta yamma, wadda alhazan Masar da Magrib ke tsallakowa Jidda daga cikinta. Ya ba da labarin wahalar ratsa sahara daga Ƙus da ke gaɓar kogin Nilu, ya ce bai samu abin saye ba sai baban rini, don haka ya yanke shawarar wucewa Indiya, ya roƙi yayan ya kwantar wa iyalinsa hankali. Jirgin ya nutse da shi. Musa ya faɗa da kansa daga baya cewa ya yi kusan shekara a kwance saboda baƙin ciki. Yaron da ya tashi a unguwar Karantina ko Sabil a nan Jidda, wanda kakansa ya ratso Chadi da Sudan ya hau kwalekwale daga Suwakin, ba sai an fassara masa wannan wasiƙar sau biyu ba. Baban rinin ma ya san shi, shi ne na marinar Ƙofar Mata.

Rana ta uku ce ta fi rauni, kuma laifin na kamfanin ne. An rubuta ziyarar majami'ar Musa ɗan Maimun da ke Haratul Yahud, bayan titin Muski, wadda aka gyara a 2010, da majami'ar titin Adli a tsakiyar gari, da maƙabartar Basatin. Waɗannan ukun ba kamar Ben Ezra suke ba, ba a faɗa musu kai tsaye. Ana buƙatar izini tun da wuri daga hukumar kayan tarihi da jami'an tsaro, da jerin sunaye da kwafin fasfo, Basatin kuma sai an daidaita da 'yar ƙaramar al'ummar Yahudawan Alƙahira da Magda Harun ke shugabanta tun 2013. Kamfanin yakan tura jerin ne bayan ayari ya sauka, izinin kuwa ba ya fitowa cikin kwana biyu, sai a ɓuge da tsayuwa a bakin ƙofa ana leƙe. A nemi ganin kwafin takardar izinin kafin a biya rabin kuɗin na ƙarshe, a kuma kulle jerin sunaye mako uku kafin tashi, don sauya mutum ɗaya yana iya maida takardar baya. Kowa ya riƙe fasfonsa na asali a ranar. Lungunan Hara bas ba ya shiga, kasuwar kayan wasa da kayan kwalliya ce cunkushe, sai a raba ayari gida uku. Ɗan jagora yakan ce a nan Musa ɗan Maimun ya zauna. A Fusɗaɗ gidansa yake, shi da kansa ya rubuta cewa kullum yana hawa dabba daga can zuwa fadar sarki, ya dawo da rana ya tarar da marasa lafiya cike da zaure.

Wani gibi kuma shi ne ƙarni na 20, wanda aka taƙaita a jimla ɗaya. Malami kuwa dole ɗalibi ya tambaye shi ina mutanen suka tafi. A 1948 Yahudawan Masar sun kai 75,000 zuwa 80,000, al'ummar da tun kafin nan ta fitar da Yusuf Ƙaɗɗawi Basha da ya riƙe ma'aikatar kuɗi a 1924, da mawaƙi Dawud Husni, da masu kantin Shikuril. Yaƙin 1948, da kora da ƙwace dukiya bayan yaƙin Suwez na 1956, da tsare mazaje a 1967, suka kwashe su; yau waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A faɗi wannan yadda ya faru, a faɗi abin da ya samu Falasɗinawa a shekarun nan yadda ya faru, kada a ɓoye ɗaya don a haskaka ɗaya. Yana da kyau kafin tafiya a kai wa mudirin makaranta takarda mai shafi ɗaya da ke bayyana cewa rangadin karatun tarihi ne, da sunayen wuraren da darasin da za a ciro, domin iyaye za su ji labari kuma suna da haƙƙin su ji daidai.

Iskandariyya a yini ɗaya takura ce. Kilomita 220 ne, kusan awa uku a tafi, uku a dawo. Majami'ar Iliyahu Hanabi da ke titin Nabi Daniyal, wadda aka sake ginawa a 1850 bayan Faransawa sun rusa ta farko a 1798, aka kuma buɗe bayan gyara a Janairun 2020, katafariya ce mai ginshiƙan marmara, kujerunta na ɗauke da farantan tagulla da sunayen masu su. Karanta sunayen nan, na Larabci da na Italiya da na Sifen, darasi ne a kan irin mutanen da tashar ruwa ke tarawa. Amma ita ma izini take so. In bai fito ba, gara a soke ranar a ƙara ta a Fusɗaɗ.

Masauki da abinci ba abin kuka. Otal ɗin tsakiyar gari ne, mutum biyu a ɗaki, da karin kumallo na ful da ɗa'amiyya, an ware wa malamai mata ɓangarensu, an kuma tsara Juma'a ta faɗo a masallacin Amru. Kuɗin bai haɗa da biza da tikitin gidajen tarihi da abincin dare ba. Manyan wuraren tarihi a Masar sun daina karɓar tsabar kuɗi, sai kati, don haka a tabbata katin banki yana da alamar Visa ko Mastercard kuma an buɗe masa aiki a waje. A ajiye ƙananan fam, kuɗin Masar, na shayi da ɗan hasafi. Hutun tsakiyar shekara, lokacin sanyi, ya fi dacewa. A tafi da rigar sanyi, Alƙahira a Janairu ba Jidda ba ce. Ayari kada ya wuce mutum goma sha biyar. Kamfanin yana son cika bas na talatin, amma talatin ba sa jin mai bayani a Ben Ezra, ba kuma sa samun hannun mai koyarwa a zaman dare.

Sharuɗɗan da muke ba da shawarar a rubuta a yarjejeniya su ne a ambaci mai koyar da karatun takardun da matakin iliminsa, a mayar da zaman dare biyu maimakon ɗaya, na farko kafin a je Fusɗaɗ, sannan a fayyace nawa za a mayar wa mutum a kan kowane wurin da aka tarar a rufe. Malamin firamare na ƙananan azuzuwa ba zai ci moriyar da ta kai kuɗin ba. Mai koyar da mutawassiɗ da sanawi, wato ƙaramar sakandare da babba, musamman wanda ya iya Larabci da ajami, zai fitar da darasi uku aƙalla. Mafi sauƙin farawa shi ne a ajiye ganyen yaron Fusɗaɗ mai maimaita baƙaƙe kusa da allon ɗan kotso, da shafi ɗaya na waƙar ajami daga gida, a raba aji rukuni huɗu, a ba kowane rukuni jadawalin baƙaƙe 22 da minti ashirin su nemo kalmar "Allah" da "salam" a cikin wasiƙar Aizab.